Mota ta yi zafi: gasket ne ya ƙone, ko tof silinda ne ya tsage?

Yau maganar mota za mu yi, saboda abin da ya samu wani ƙanina direba a Fassi ya tsaya mini a rai.

A bazarar da ta wuce ya ɗauko fasinja daga Kibiya zuwa Rano a Golf ɗinsa. Allurar zafi ta haura, ya ce bari dai ya ƙarasa. Da ya tsaya kuma sai ya kwara wa injin ruwan sanyi. Sau biyu ana canja masa gasket, kuɗi suna tafiya, mota ba ta daina shan ruwa ba. Ashe tof silinda ne ya tsage.

To, mene ne tof silinda? Shi ne murfin saman inji, gasket kuma yana tsakaninsa da jikin injin, yana hana ruwa da baƙin mai da wuta haɗuwa. A yawancin ƙananan motoci da alminiyam ake yin murfin. Inji lafiyayye yana aiki ne a zafi wajen digiri 90. In zafin ya wuce kima sai alminiyam ya lanƙwashe, in kuma aka watsa masa ruwan sanyi bagatatan yana iya tsagewa.

Alamomin da kai ma za ka iya gani:

Farin hayaƙi mai kauri daga salansa, ko bayan inji ya ɗumama.
Ruwan lagireto yana raguwa, amma ba ka ga inda yake yoyo ba.
Baƙin mai ya koma kamar shayi da madara.
Kumfa tana tasowa a bakin lagireto in ka ta da mota. Don Allah, sai inji ya huce za ka buɗe murfin, tururin yana sale fata.
Fulogi ɗaya ya fita tas kamar an wanke shi.

Amma fa ku lura, duk waɗannan ba sa bambance ƙonewar gasket da tsagewar tof. Nan ne ake cin kuɗin mutane. Ka ce wa bakanike ya gwada ƙarfin matsin kowace silinda. In biyu da ke maƙwabtaka suka yi ƙasa tare, galibi gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. In an kwance tof ɗin, kada a mayar sai an ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe an auna. A injina da yawa, lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 sai an goge fuskar da na'ura. Tsaga kuwa ido ba ya ganinta kullum, sai an toshe hanyoyin ruwa an hura iska a ciki, an ga inda kumfa ke fita.

Ko na hannu za ka sayo a Kofar Ruwa a Kano, a yi masa wannan gwajin kafin ka biya.

Sannan a nemo abin da ya jawo zafin tun farko: fanka, famfon ruwa, ko lagireto da ya toshe. In ba haka ba, sabon ma zai bi tsohon.

Allura ta haura? Ka gangara gefe, ka kashe mota. Fasinja za su yi ƙorafi, amma ba su za su biya kuɗin inji ba.

Wa abin ya taɓa samu a cikinku? Ku ba mu labari. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya kiyaye hanya.