KAKAR TELEBIJIN A AMURKA: BA A SANIN MACI TUWO SAI MIYA TA ƘARE

A ƙasar Hausa, da zarar watan Satumba ya kama, hankalin manomi ya koma kan geron da ya nuna, ana shirin girbi da ɗaurin dami. To, su ma Amurkawa suna da tasu kakar a daidai wannan lokaci, lokacin da zafi ke ja da baya a wurinsu, ganyen itatuwa ya soma kaɗewa. A watan nan ne manyan gidajen telebijin ɗinsu, watau ABC da CBS da NBC da Fox, suka saba fito da sababbin wasannin kwaikwayo waɗanda aka shafe watanni ana shiryawa. Cikin mako biyu ko uku za a baje su gaban jama'a, kowa ya kalla ya tofa albarkacin bakinsa. Sau da yawa abin da aka gani a daren farko shi ke yanke wa wasa hukunci, ko ya rayu ko ya mutu.

Wataƙila mai karatu da ke zaune a Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, ya ce ina ruwansa da wannan. Akwai ruwansa ƙwarai. Wasanni irin su Good Times da The Jeffersons da Diff'rent Strokes, waɗanda aka riƙa cika ɗakin mai akwatin telebijin ana kallo a ƙasar nan, duk sai da suka tsallake hukuncin 'yan kallon Amurka kafin a sayar mana da su. Waɗanda aka yanka a can tun suna jarirai ba mu taɓa jin ko sunansu ba, alhali kuwa su suka fi yawa.

ME YA SA SAI SATUMBA?

Dalilin bai wuce na kasuwa ba. A Satumba an gama hutun bazara, yara sun koma makaranta, dare ya soma tsawo, mutane sun dawo zaman gida. Haka kuma a lokacin ne kamfanonin ƙera motoci suka saba fito da sababbin motocinsu na shekara, suna neman inda idon jama'a yake domin su yi talla. Tun da dai talla ce ke ciyar da gidajen telebijin na can, sai suka daidaita shekararsu da ta masu talla.

Shirin yakan soma tun da wuri. Marubuta su kawo labarai, a zaɓi kaɗan daga ciki, a ɗauki kashi ɗaya rak na gwaji a farkon shekara. Akan tara mutane a ɗaki a nuna musu, kowa da ɗan makunni a hannunsa, in abin ya yi masa daɗi ya murɗa dama, in ya gundure shi ya murɗa hagu. A watan Mayu sai shugabannin gidajen su kira masu talla zuwa birnin New York, su nuna musu abin da suka tanada, a sayar da filin talla na biliyoyin daloli tun kafin jama'a su ga kome. Wannan kamar sayen hatsi ne tun yana gona.

Bisa al'ada, sabon wasa kashi 13 akan ba shi da farko. In ya karɓu a ƙara masa 9, ya cika 22 na shekara. In kuwa bai karɓu ba a tsai da shi, 'yan wasa da marubuta da masu ɗaukar hoto da kafintoci da direbobi duk su rasa abin yi rana ɗaya.

ALƘALAI UKU

Alƙalin farko shi ne mai sharhi na jarida, wanda akan aika wa kashi ɗaya ko biyu kafin kowa ya gani. Na biyu shi ne kamfanin Nielsen, wanda tun shekarar 1950 yake ƙidayar masu kallon telebijin. A farkon shekarun 1980 gidajen da aka maƙala wa na'urarsa ba su kai 2,000 ba, amma da su ake auna ra'ayin ƙasa baki ɗaya. Na uku shi ne mai talla, wanda ba ruwansa da daɗin labari, shi dai ya ji yawan idon da ya ga hajarsa. In alƙalan nan suka saɓa, maganar na biyu da na uku ake ɗauka.

Wani lokaci hukuncin farko yakan faɗa daidai, domin an ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A Satumban 1994 aka fito da wasanni biyu, ER na NBC da Chicago Hope na CBS, dukkansu labarin asibiti ne a birnin Chicago, kuma aka haɗa su dare ɗaya, sa'a ɗaya, ranar Alhamis. Tun a makonnin farko jama'a suka karkata ga ER, har CBS ta ɗage nata zuwa wani lokaci dabam. ER ya yi shekara 15 ana nuna shi, sai a 2009 ya ƙare.

INDA KALLON FARKO YA YI ƘARYA

Amma duba labarin M*A*S*H, wasan likitocin soja a Yaƙin Koriya, wanda CBS ta soma nunawa ran 17 ga Satumba, 1972. A shekararsa ta farko na 46 ya zo a jerin Nielsen, saura ƙiris a yanka shi. Da aka mai da shi daren Asabar, bayan wani wasa mai farin jini da ake kira All in the Family, sai ga shi ya zo na huɗu. Ran da aka nuna kashinsa na ƙarshe, 28 ga Fabrairu, 1983, mutum sama da miliyan 100 suka kalla, kuma babu wani wasan kwaikwayo na telebijin da ya sake tara jama'a haka a Amurka.

Haka aka yi da Cheers, labarin ma'aikatan wata mashaya a birnin Boston da masu zuwa hira wurin. Da ya fito ran 30 ga Satumba, 1982, kusan shi ne kurar baya a jerin. Shugabannin NBC na lokacin, Grant Tinker da Brandon Tartikoff, suka toshe kunne suka bar shi. Ya ci lambar Emmy a 1983, ya zama na ɗaya a ƙasar a kakar 1990 zuwa 1991, ya yi shekara 11.

Akwai kuma wanda yabo bai cece shi ba. A Satumban 2010 masu sharhi suka yi ta kambama Lone Star na Fox, labarin wani ɗan damfara a jihar Texas mai zaune da mata biyu a garuruwa biyu, kowace ba ta san da 'yar'uwarta ba. Wajen mutum miliyan 4 kacal suka kalli daren farko. Kashi biyu aka nuna, aka naɗe tabarmarsa.

Me ke jawo wannan kuskure? Kashin farko ɗan aike ne mai kaya da yawa. Shi zai gabatar da kowa da kowa, ya faɗi wane ne mijin wance, wane ne maƙiyin wane, duk cikin rabin sa'a ko sa'a ɗaya. 'Yan wasa ba su saba da juna ba tukuna, marubuta ba su gano wanda jama'a za su so ba. Ga kuma sha'anin lokaci. Wasa mai kyau in aka aje shi a daren da maƙwabci ke nuna gwaninsa, kamar mai tuwo ce ta kafa tukunya a ƙofar gidan biki.

YADDA ABIN YAKE A YAU

Kakar nan ba ta da ƙarfin da take da shi dā. A Fabrairun 2013 kamfanin Netflix ya zuba kashi 13 na House of Cards rana ɗaya a intanet, ba tare da jiran Satumba ba, wasu kuma suka bi sahu. A 2023 marubuta suka yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa suka yi na kwana 118, har kakar shekarar ta zo kusan hannu rabbana. Nielsen ya ba da sanarwa cewa a watan Mayun 2025, a karo na farko, kallo ta intanet ya zarce na gidajen telebijin da na kebul in an haɗa su. Duk da haka gaggawar hukunci tana nan, domin su ma kamfanonin intanet abin da aka kalla a makonnin farko suke dubawa kafin su ce a ci gaba.

Mu ma abin ya iso mu. Yau in tashar Arewa24 ko wani mai shirya fim na Kano ya fito da sabon wasa mai dogon zango, kafin gari ya waye an gama yanke masa hukunci a wayoyin hannu, daga Mile 12 har Anaca. Ga wanda ke nesa da gida, irin waɗannan wasanni su ne tagar da 'ya'yansa ke leƙen harshe da al'adar iyayensu, saboda haka mutuwarsu hasararmu ce. In sabon wasa ya fito, a ba shi kashi uku ko huɗu kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Wanda ya cancanci yabo a yaba masa, wanda ya yi kuskure a nuna masa cikin mutunci. Allah ya ba mu haƙuri da adalci, amin.