Jaridar Mutum Guda: Yadda Bulog Ya Samo Asali

Tun da aka ƙago injin buga takarda, duk mai son maganarsa ta isa ga jama'a a rubuce sai ya bi ta hannun wani. Sai da maɗaba'a, sai da kuɗin takarda da tawada, sai kuma da yardar shugaban jarida, wanda ke da wuƙa da nama: in ya so ya buga, in ya ƙi ya jefa cikin shara. Cikin shekarun 1990 aka sami wata hanya da ta kewaye wannan shinge. Sunanta bulog, watau shafi a bisa intanet inda mutum guda ke rubuta abin da ya gani ko abin da ke ransa, kowane rubutu da kwanan watansa, sabo a sama, tsoho a ƙasa.

A ƙasar Amurka abin ya faro. Cikin shekara ta 1994 wani ɗalibin kwalejin Swarthmore, Justin Hall, ya buɗe shafi yana ba da labarin rayuwarsa, har da abin da mai kunya zai ɓoye. Suna bai samu ba sai cikin watan Disamba na 1997, sa'ad da Jorn Barger ya kira nasa shafin weblog. Kalmomin Ingilishi biyu ya haɗa: ta farko tana nufin yanar gizo, ta biyu kuma littafin da matuƙin jirgin ruwa ke rubuta abin da ya auku kowace rana. A 1999 Peter Merholz ya tsaga kalmar gida biyu don raha, sai guntun ƙarshe ya bi bakin mutane.

Har wajen lokacin, galibi sai wanda ya san harshen kwamfuta ke iya buɗe shafi. Kamfanin Pyra Labs yana cikin waɗanda suka kau da wannan wahala, da ya fito da Blogger cikin watan Agusta na 1999. Mutum ya rubuta, ya danna, shi ke nan duniya ta gani, ba ko dala. WordPress ya biyo baya a 2003. A Faransa gidan rediyon Skyrock ya buɗe Skyblog a ƙarshen 2002, samari da ƴan mata suka yi masa ca.

Da fari manyan ƴan jarida sun ɗauki abin wasan yara. Ranar 5 ga Disamba 2002, shugaban ƴan jam'iyyar Rifablikan a majalisar dattawan Amurka, Trent Lott, ya yabi takarar da Strom Thurmond ya yi a 1948, takarar da aka gina bisa raba baƙar fata da farar fata. Yawancin manyan jaridu suka wuce maganar. Masu bulog, irin su Josh Marshall, suka riƙe ta, suka tono tsofaffin kalamansa, har jaridun suka waiwayo. Kwana 15 bayan haka Lott ya sauka daga shugabancin. Da yaƙin Iraƙi ya ɓarke a 2003, wani saurayi mai zanen gine-gine a Bagadaza, da sunan aro Salam Pax, ya riƙa rubuta halin da gari ke ciki, daga tsadar abinci har ƙarar bama-bamai, mutanen ƙasashe da dama suna jiran rubutunsa.

Sai dai wanda ya zama shi ne marubuci, shi ne mai jarida, ba shi da bangon jingina in rana ta ɓaci. A Masar, hotunan bidiyo da Wael Abbas ya sa a shafinsa sun taimaka aka ɗaure ƴan sanda biyu shekara 3 a 2007, saboda azabtar da wani direban mota. Cikin wannan shekara kuma kotun Iskandariya ta yanke wa tsohon ɗalibi Kareem Amer shekara 4 a gidan kaso saboda abin da ya rubuta.

Labarin Hossein Derakhshan ya fi kowane nuna yadda zamani ya juya. Shi ne a 2001, yana zaune a Kanada, ya rubuta wa ƴan ƙasarsa ta Iran bayanin yadda za su buɗe bulog da harshen Farisa, dubbai suka bi sahu. Da ya koma gida aka kama shi a 2008, bai fito ba sai 2014. Ya tarar kasuwa ta tashi: masu karatu sun ƙaura zuwa Facebook da Twitter, inda magana gajera ce, hoto ya fi rubutu daraja, kuma na'urar kamfani ke zaɓen abin da kowa zai gani. Abin mamaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter a 2006, Evan Williams, yana cikin waɗanda suka ƙago Blogger.

Bulog bai mutu ba. Malamai da masu sana'a da ƴan jarida da yawa suna nan riƙe da nasu. Amma wanda ya yi rubutu a gidan haya, ranar da mai gida ya rufe ƙofa sai ya kwashe kayansa, in ya samu hali. Ranar 21 ga Agusta 2023 aka rufe Skyblog. Babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa da hukumar adana kayan rediyo da talabijin suka kwashi miliyoyin shafuffuka suka ajiye domin masu bincike.