Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilmi ta Nijeriya: Asalinta da Aikinta

Iyaye da yawa sukan ɗauka malami shi ke zaɓen abin da zai koya wa yara a aji. Ba haka abin yake ba. Akwai manhaja wadda malami yake bi, kuma hukumar da ke tsara ta domin makarantun firamare da na sakandare ita ce Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilmi ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NERDC. Ba kamfani ba ce, ba kuma domin cin riba aka kafa ta ba.

Lokacin da ƙasar nan ta sami mulkin kai a 1960, ta gaji tsarin karatun Turawa. Yaro yakan san kogunan Ingila da sarakunanta, amma a tambaye shi labarin ƙasarsa sai ya yi shiru. Ga shi kuma kowace jiha da nata tsarin, har yawan shekarun firamare ma ba ɗaya ba ne. Saboda haka cikin watan Satumba na 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, Majalisar Binciken Ilmi ta Nijeriya ta kira babban taro a Ikko domin a duba manhaja. Abin da ya bambanta wannan taro da na baya shi ne ba masana kaɗai aka gayyata ba. An ji ta bakin iyaye, da 'yan kasuwa, da manoma, da shugabannin addini, da ma'aikatan gwamnati, watau mutanen da 'ya'yansu ne za su zauna a ajin.

Shawarwarin taron ba su zama doka nan take ba. Sai a 1973 aka sake zama a ƙarƙashin jagorancin Cif Simeon Adebo, daga nan ne aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977. Ita ce ta kawo tsarin 6-3-3-4: shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, 4 a jami'a. Nufin shi ne yaron da ya tsaya a ƙaramar sakandare ya fita da sana'a a hannu. A nan ne aka fi samun cikas, domin makarantu da dama ba su sami malaman sana'a ko wutar lantarkin da za ta juya injunan koyarwa ba. Manhaja komai kyaunta, sai da malami da kayan aiki.

A 1988 Gwamnatin Tarayya ta haɗe wannan Majalisa da waɗansu hukumomi uku, watau Cibiyar Nazarin Manhaja da ke Jami'ar Ikko, da Majalisar Bunƙasa Littattafai, da Cibiyar Harsuna ta Ƙasa, suka zama NERDC. Hedkwatarta tana Sheda, kusa da Abuja.

Masu karatu da Hausa suna da rabo a aikinta na harsuna. Da tallafinta aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa a 1990, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, domin malami ya koyar da nahawu da adabi cikin Hausa ba tare da aron Turanci ba. Ita ce kuma ta tsara manhajar ilmin tushe ta shekara 9, bayan dokar UBE ta 2004, ta kuma rubuta littattafan jagora ga malamai. Uban da ke son sanin abin da ya kamata ɗansa ya koya a kowane aji yana iya roƙon hedimasta ya nuna masa manhajar.