Me ya sa zafin rana ke kayar da ƙaramin jirgi wajen tashi?

A watannin Afrilu da Mayu, zafi a gundumomin Tasawa da Mayahi na jahar Maradi yakan haura digiri 40. A irin wannan lokaci ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, irin na masu zaman kansu ko na feshin fara, ya fi shiga haɗari a daidai lokacin da zai bar ƙasa.

Dalilin yana cikin iska. Idan ta yi zafi sai ta yi sakayau: inji ya rage ƙarfi, fukafukai su kasa samun abin da za su dogara a kai. Jirgin da ya tashi lami lafiya da asuba, da azahar sai ya buƙaci hanya mafi tsawo. In kuma filin na ƙasa ne, yashi na riƙe tayoyi, ga kaya an labta, hanya na iya ƙarewa jirgi bai ɗaga ba.

Ko manyan jirage ba su tsira ba. Ranar 4 ga Mayu 2002, da tsakar rana, jirgin kamfanin EAS ya zarce ƙarshen hanyarsa a Kano kafin ya ɗaga, ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja. Sama da mutum 100 suka rasu.

Shi ya sa idan matuƙi ya ce a sauke jaka ɗaya, ko a jira sanyin safiya, ba iyayi yake yi ba. Fasinjan da ya matsa masa don sauri yana wasa ne da ran duk wanda ke ciki, har da makwabtan filin.