Yadda ake kare bayan a-kori-kura daga ƙura da ruwan sama

Duk ɗan kasuwar da ya saba ɗauko atamfa daga Kantin Kwari ko buhunan sukari daga Kasuwar Singa a bayan a-kori-kura ya san cewa rufe kaya daban, tsirar da su daban. Sau da yawa za a ɗaure tamfol tamau ko a kulle rumfar bayan motar, amma da an isa masauki sai a tarar da kayan sun yi futu-futu da ƙura, ko buhunan da ke ƙasa sun sha ruwa. Siminti idan ya jiƙe ya daskare ke nan, takin yuriya ya dunƙule, yadi kuma ya yi tabon da zai karya masa farashi. Ma'aikacin da ake turawa karkara da magunguna ko takardun ofis a bayan Hilux shi ma bai tsira daga wannan matsala ba.

Ta ina ƙurar ke shiga?

Mutane da dama na zaton daga sama ko daga gaba ƙura ke faɗa wa kaya. A gaskiya mafi yawanta ta baya take shigowa. Idan mota na gudu tana keta iska, sai iskar ta yi rauni a daidai bayanta, ta riƙa juyawa kamar ƙaramar guguwa, tana tattara ƙurar da tayoyin baya suka tayar. Iskar da ke wucewa ta saman rumfa da gefunanta kuwa tana zuƙo wadda ke ciki ta ƙananan kafofi. Don cike wannan gurbi, sai iska mai ƙura ta kutsa ta ratar da ke gefuna biyu na ƙofar baya da kuma ƙarƙashinta. Masu ƙera motar da gangan suka bar wannan rata, domin ƙofar ta riƙa buɗuwa ba tare da gogayya ba, ruwa kuma ya samu mafita.

Lamarin ya fi tsananta a hanyoyin da ba kwalta, da kuma lokacin hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da iska ke ɗauko ƙura mai laushi kamar gari daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi.

Shi kuwa ruwa, lissafinsa mai sauƙi ne. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Bayan Hilux mai ƙofa huɗu ya kai kimanin mita 1.5 a tsawo da kuma faɗi. Ke nan ruwan milimita 20, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, zai zuba sama da lita 40 a kan tamfol. Idan tamfol ɗin ya lotsa a tsakiya, ruwan zai kwanta har ya samu ɗinki ko hujin da zai bi.

Matakan toshe kafofi

Matakin farko shi ne gano kafofin. A sauke kaya, a rufe motar, da dare a ajiye tocila mai haske a ciki, sannan a zagaya ta waje. Duk inda haske ya leƙo, ƙura za ta bi ta nan. A yi wa wurin alama da alli.

Na biyu, a wanke wurin da sabulu, a goge maiƙo da sifirit, a bari ya bushe sarai. Gam ba ya kama ƙarfe mai ƙura, kuma yawancin robar da ke ɓanɓarewa bayan mako guda rashin wannan wanki ne sanadi. Idan akwai tsatsa, a kai wa mai gyaran bodi ya kankare ta ya shafa fenti tukuna, domin tsatsar da aka lulluɓe ba ta daina cin ƙarfe.

Na uku, a liƙa roba mai ƙoƙo a ciki, irin ta bakin ƙofar mota, a gefuna biyu na ƙofar baya da ƙasanta. Robar da ake kira EPDM ta fi jure zafin rana. Soso mai araha kuwa yana shan ruwa, kuma ba ya jimawa yake ruɓewa. A zaɓi kaurin da zai matsu idan an rufe ƙofar ba tare da an yi kokawa da makulli ba. Gwajinsa shi ne a maƙale takarda a rufe ƙofar a kanta: idan ta zare cikin sauƙi, robar ba ta kama ba.

Na huɗu, a bi kusurwoyin gaba, da ramukan noti, da inda rumfa ta zauna a kan bodi. A nan gam ɗin foliyuretan na bodin mota ya fi dacewa. A guji silikon mai warin tsami, domin sinadarin da yake fitarwa yayin bushewa yana jawo tsatsa.

Abin da ba a toshewa

Akwai ƙananan ramuka a daɓen bayan motar, galibi ta wajen gaba, waɗanda aka yi don tsiyayar da ruwa. Wanda ya liƙe su gaba ɗaya ya mayar da motarsa kwatarniya. Abin da ya dace shi ne a sa musu toshiyar roba da za a iya cirewa: a rufe da rani, a buɗe da damina ko lokacin wanki. Haka kuma masu shimfiɗar roba mai tauri su riƙa ɗaga ta lokaci zuwa lokaci, saboda yashi da laima na taruwa a ƙarƙashinta suna cin fenti.

A ƙasashe irin su Ostireliya da Afirka ta Kudu, inda ake doguwar tafiya a hanyoyin ƙura, akwai wata dabara da ta yaɗu: ana sa ƙaramar taga mai fuskantar gaba a saman rumfa. Tana tura iska mai tsabta ciki, sai iskar ciki ta rinjayi ta baya, ƙura ta rasa hanyar shiga. Sai dai a rufe ta idan ana bin bayan wata mota a cikin ƙura, ko ana ruwa.

Mai tamfol kuma ya gitta sanda ko ƙarfe a tsakiya don ya yi tozo, ya saki gefunan su sauko ta wajen bodi, kada ya cusa su ciki. A ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa daɓe.

Hattara da rai da kuma hatsi

Iskar da ke jawo ƙura ita ce ke jawo hayaƙin salansa, wanda ke ɗauke da gubar da ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa. Don haka rufaffen bayan mota ba wurin zaman mutum ko dabba ba ne. Hatsi ko gyaɗar da ba ta gama bushewa ba, idan ta kwana a rufe cikin zafi, za ta yi gumi ta yi fumfuna.

A kammala aikin da gwajin tiyo: a watsa ruwa ta sama da gefuna na wasu mintuna, a buɗe a duba. Rana na busar da roba, saboda haka a sake dubawa sau biyu a shekara, kafin faɗuwar damina da kafin shigowar hunturu. Ba a fafe gora ranar tafiya.