Iskar NO2 a ɗakin 'yan tsaki da na'urar da ke gano ta da haske



Da hunturu ya shigo, dabarar kowa ɗaya ce: a rufe ɗakin 'yan tsaki ruf da leda, a kunna risho ko gas. Ɗumi kam ana samu. Amma wuta mai zafi sosai tana haɗa naitirojin da oksijin da ke cikin iska, sai a samu wata iska mai guba, naitirojin dayoksaid, wato NO2. Ko harshen wutar shuɗi ne tas babu hayaƙi, tana fita. Tana ƙona hanyar numfashi, ta kaza da ta mai kiwo. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, ga ɗan Adam, matsakaicinta a yini kada ya wuce maikirogiram 25 a kowace kubik mita.

To yaya ake gane ta? Nan gizo ke saƙar. Ƙananan na'urori masu araha irin MQ-135 komai ji suke yi: ammoniya, hayaƙi, har tururin sifirit. Ɗakin kaji kuwa ba ya rabuwa da ammoniyar kashi. Lamba za ta hau, amma ba ka san wacce ce ta hau da ita ba.

Na'urar haske ba haka take ba. NO2 tana shanye hasken shuɗi, shi ya sa in ta taru da yawa take yin ja-ja kamar ruwan ƙasa. Sai a haska ɗan ƙwan LED shuɗi ta cikin iskar ɗakin, a auna hasken da ya isa ɗaya gefen. Gwargwadon raguwarsa, gwargwadon yawan NO2. Ammoniya ba ta taɓa wannan hasken, don haka ba ta rikita lissafi. Ƙura na iya ruɗa ta, dole a tace iskar tukuna. Akwai kuma mai sinadarin da ke canja launi. Masu kiwon tarwada sun san ɗan uwansa, maganin gwajin naitirait da ke mayar da ruwan tafki ruwan hoda.

Gaskiya, mai kaji ɗari ko ɗari biyu ba sai ya saye ta ba, tsada gare ta. Amma in za ka sayi kowace na'ura, tambayi mai kaya wace iska take aunawa takamaimai. Mai gane kabon monoksaid, wadda mai hura gawayi ya fi buƙata, ba ta ganin NO2.

Kafin nan, bar kafa a saman leda ko da dare, janareto kuma a kai shi nesa da tagar ɗakin.