Gaskiya da Batili a Kan Maganin Ƙanjamau

Tun daga zamanin da ake yi wa ƙanjamau laƙabi da "kabari salamu alaikum", domin duk wanda ta kama ana ganin kwanansa ya ƙare, har zuwa yau da ake karɓar maganinta a asibitoci, zantuttuka ba su gushe ba suna yawo a majalisu da gidajen biki, waɗansu haƙiƙa, waɗansu batili, mafi yawa kuwa gaskiya ce aka cuɗa da ƙarya.

Masu cewa maganin ba ya warkarwa sun faɗi gaskiya, illa dai sun tsaya a rabin magana. Ƙwayar cutar takan ɓuya a cikin jiki inda magani ba ya iya tumɓuke ta, amma yana hana ta hayayyafa, har garkuwar jiki ta farfaɗo, tarin fuka da sauran cututtukan da ke samun kafa su ja da baya. Tun shekarar 1996 da likitoci suka soma haɗa magunguna uku, mace-mace suka ragu ƙwarai a ƙasashen da suka samu. Yau kuwa an tara ukun cikin ƙwaya guda da ake haɗiya sau ɗaya a yini, kuma wanda ya fara da wuri, ya lizimce ta, ana kyautata masa zaton tsawon rai kusa da na wanda bai taɓa kamuwa ba, da yardar Allah.

Ruɗin da ya fi kowane halakarwa, a ganina, shi ne na mutumin da ya murmure, ya yi ƙiba, aka auna jininsa aka ce ba a ga ƙwayar ba, sai ya ɗauka shifa ta samu, ya ajiye magani, alhali ma'anar wannan sakamako ita ce ƙwayar ta ƙaranta har awo bai riske ta ba, kuma da zarar an daina sha, cikin 'yan makonni takan dawo, wasa da sha kuwa kan sa ta bijire wa maganin. A wannan ƙofa masu da'awar warkarwa ke shigowa. A shekarar 2007 Yahya Jammeh, shugaban Gambiya na lokacin, ya yi shelar yana warkar da cutar da haɗin ganyaye, aka raba marasa lafiya da maganin asibiti, waɗansunsu suka rasu. Lalle an samu 'yan ƙalilan da suka rabu da ita, na farkonsu Timothy Brown a Berlin, amma ta hanyar dashen ɓargo ne saboda sankarar jini, aiki mai hatsarin da ba a yi wa wanda magani ke riƙe da shi lafiya.

Zancen cewa maganin ne ke kashewa yana da asali, domin magungunan farko sun wahalar da mutane, wani ma yakan zabge kumatu, sai dai an sauya su da masu sauƙin illa. Akasarin waɗanda suka rasu jim kaɗan da farawa sun iso asibiti ne bayan cuta ta ci ƙarfinsu, wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 a fara ba kowa magani da zarar an tabbatar, ba tare da jiran ya kwanta ba.

Amma mas'alar aure da haihuwa, wadda ta fi sa iyaye zubar da hawaye, hujja a kanta ta yi ƙarfi. Binciken da aka bayyana a 2011 ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗuwar cutar tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin 100, binciken da ya biyo baya kuma ya tabbatar wanda awo ya daina ganin ƙwayar a jininsa, matuƙar yana kan magani, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Mai juna biyu da ke ɗauke da cutar amma ba ta shan magani, tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin 100 ne hatsarin jaririnta ya kamu. Idan ta lizimci magani tun daga goyon ciki har yaye, aka kuma ba jaririn nasa, hatsarin yakan sauko ƙasa da kashi 5.